Eriyar Ɗanmaliki a Bisa Ɗorawar Zinariya

Abin da Zinariya ta rasa a bazarar nan ba ɓoyayye ba ne: babban reshen ɗorawarta ta gabas, da kalwar itace biyu ta shekara guda, da manyan tire biyu da take shanya daddawa a kai. Abin da ta samu kuwa, masu saye daga garuruwan da ƙafarta ba ta taɓa takawa ba, da wani suna da ba ta roƙi kowa ya raɗa mata ba. Har yau in ka tambaye ta, cewa za ta yi an ƙware ta.

Ɗorawar guda huɗu ne, a bakin ƙauyensu da ke kan hanyar Kankiya zuwa Kusada, biyu a wannan gefen burtali, biyu a wancan. Lokacin da mijinta ya rasu aka zauna rabon gado, an so a yanka mata tumuninta a cikin gona, ta ce a bar wa maza ƙasarsu a ba ta itatuwan. Dangin miji suka yi murna, sai daga baya suka lura gona sai an nome ta, ɗorawa kuwa zuba kawai take yi. Da kalwar itatuwan nan take dafa daddawa, da daddawar take ci take sha, ba ta taɓa zuwa ƙofar wani neman tsaba ba.

Ana nan, shekara guda bayan an fito da naira, sai ga Ɗanmaliki ya dawo daga Kaduna. Shekara goma sha biyu ya yi wurin wani Bature injiniya. A faɗarsa, shi ne hannun daman Baturen, har ma akwai abubuwan da Baturen ya koya a wurinsa. A faɗar waɗanda suka taɓa kai masa ziyara, mota yake wankewa, in an hau sama ya riƙe tsani. Da Baturen zai koma ƙasarsu ya bar masa tsanin, da ɗan injin lantarki, da wani akwatin ƙarfe mai kwalabe a ciki. Ba irin rediyon da kowa ya sani ba ne. Wannan shi ake yi wa magana ya kai nesa.

Ɗanmaliki ya yi wa mutane bayani a bakin masallaci. Ya ce mita arba'in da tara da mita talatin da ɗaya da suke kamawa, wannan zangon gama-gari ne. Shi a kan mita ɗari da sittin zai yi magana, inda manya ke hira, kuma dogon zango ba ya fita sai da babbar eriya mai siffar zobe. Sharuɗɗanta huɗu: zoben ya yi faɗi, wayar ta yi kauri, duk mahaɗa ta kamu tam, kuma ya yi nesa da ƙasa. Aka tambaye shi ko hukuma ta sani, ya ce takardarsa na hanya daga Ikko. Duk ƙauyen kuwa babu abu huɗu masu tsawo da ke kallon juna sai ɗorawar Zinariya.

Kwana uku suka yi suna ciniki. Ran farko ya ce mata sunanta zai shiga tarihi, ta tambaye shi ko tarihi na shiga miya. Rana ta biyu ya ce ai sama kawai yake so, saman kuma ba ta amfani da shi, ta ce in ba shi da amfani ya je ya ɗaura a saman gidansu. Rana ta uku suka daidaita a kan buhun gishiri, da damin itace duk ranar da za ta ɗora tukunyar kalwa, da sharaɗi guda: lokacin fure ne, kada ko ɗaya ya faɗo.

"Inna, ko ganye ba zai san na hau ba," in ji shi.

"Ni zan sani," ta ce.

Wayar farko siririya ce, daga injin wata matacciyar mota ya kwance ta. Ya zagaye itatuwan huɗu da ita, ya tada inji, ya riƙe makirfo ya yi ta kira da Turanci. Ingila ba ta amsa ba. Wanda ya amsa Malam Uthman ne, mai makarantar unguwar, wanda gidansa ya fi kusa. Ya iso da rediyonsa a hammata ya ce yana tsaka da jin labarai tashar Kaduna ta ɓace, ko ina ya murɗa sai tarin Ɗanmaliki. Ɗanmaliki ya juya ya ce wa jama'a su shaida, magana ta fita. Malam ya ce ta fita kam, amma shi batir ya saya don ya ji na nesa, wanda ke bayan katangarsa ko ba rediyo yana jin ihunsa.

Zinariya ta dafa wayar bayan an kashe inji ta ji ta da ɗumi. Ta ce in dai zafi yake nema, murhunta ya fi wannan. Ɗanmaliki ya ce daidai ta faɗa, ƙarfin maganar ne ke ƙonewa a hanya saboda wayar ta yi siriri, kuma dama shi ya sani, gwada ta yake yi.

Ya sayar da babur ɗinsa ya tafi Kano. Ya dawo da jar waya mai kaurin ƙaramin yatsa, gunduwa goma sha biyu, sai da jaki biyu suka ɗauko ta daga bakin titi. Da aka ɗaga ta, nauyi ya sa ta yi ciki a kan burtali, har mutum mai tsawo sai ya sunkuya. Da yamma Sodangi ya biyo da garkensa. Sodangi Bafulatani ne mai ƙarancin magana, yana da wani farin bijimi mai ƙaho kamar an buɗe hannu biyu. Bijimin ya iso wayar ya tsaya, garke ya tsaya a bayansa, Sodangi ma ya tsaya ya rataya hannuwa a sanda.

Ɗanmaliki ya ba shi shawara ya riƙa zagayawa ta bayan gari. Sodangi ya ce kakansa ya bi burtalin ga, ubansa ya bi, ba wanda bijiminsa ya taɓa duƙa wa waya. Ɗanmaliki ya ce wannan hanyar maganar Ingila ce. Sodangi ya ce to Ingila ta zagaya.

Dole aka ƙara sama. Ɗanmaliki ya kafa tsani ya hau har ƙololuwa, yana ture rassa da kafaɗa, jajayen furanni na zubowa. Zinariya ta bi ƙasa tana tsince su. Washegari da ya buɗe ƙofa ya tarar da ƙwarya cike da fure, ita kuma tana zaune a gefe tana gyara ɗankwali. Ta ce kowace ƙwarya damin itace guda ne a kan na alkawari. Haka ya riƙa buɗe ƙofa yana tarar da ƙwarya har kwana shida, har itace ya taru a gidan Zinariya ta fara sayar wa maƙwabta.

Sai batun mahaɗa. Baturen da dalma yake liƙe tasa, amma ba mai iya hawa ɗorawa da wutar maƙera. Ɗanmaliki ya zauna ya yi tunani, ya tuna yadda ake ɗaure ƙotar gatari da bakin ganga: a yanka ɗanyar fata a naɗe, in ta bushe ta kama kamar ƙarfe. Ya je wurin sarkin pawa ya sayi fatar sa da jininta, ya tsaga ta tsiri-tsiri, ya naɗe mahaɗa goma sha biyu. Wuyan kwalaben da ya sa don raba waya da reshe, su ma da fatar ya ɗaure su, inda kwalba ta ƙare kuwa ya ɗaure wayar a jikin reshen kai tsaye. Ya sauko yana goge hannu ya ce da Baturen ya san wannan dabara da bai yi ta asarar dalma ba.

Kafin azahar angulu ta farko ta sauka. Kafin la'asar sun kai ashirin, sun jeru a kan wayar kamar masu jiran rabon zakka.

Saura abin daidaita zango, wanda ya ce faranti biyu ne na ƙarfe da gilashi a tsakani. Duk ƙauyen babu mai manyan tire sai Zinariya. Ta ba shi haya bayan ta sa ya rantse zai maido su yadda ya karɓa. Ya samo gilashin wata tsohuwar mota ya sa a tsakaninsu, ya rataye a gindin ɗorawar gabas. In ya matsa tire ɗaya kaɗan, wata 'yar allura a fuskar akwatin ta ɗaga. In angulu ta sauka, allurar ta kwanta. In ta tashi, ta motsa. Ɗanmaliki ya ce wannan motsin alama ce ana ƙoƙarin amsa masa daga can.

Angulayen kuwa ba zama kawai suke yi ba, tsattsage fatar suke suna haɗiyewa, mahaɗa na sakin jiki. Duk ranar da aka yi yanka sai Ɗanmaliki ya sayo sabuwar fata ya hau ya sake naɗewa. Angulaye suka fahimci tsarin. Na mahautar Kusada suka yi ƙaura gaba ɗaya, har sarkin pawan can ya aiko a yi wa Ɗanmaliki godiya. Ya gwada korarsu da gwafa, duwatsun suka riƙa kaɗo ɗanyun 'ya'yan ɗorawa. Ya kafa mutum-mutumi da tsohuwar rigarsa, suka sauka a kansa.

Abin ya daina zama na dariya ran da Zinariya ta dawo daga kasuwar Kankiya da rabin daddawarta. Wata mai daddawa 'yar Rimaye ce ta riƙa gaya wa mata, a hankali cikin tausayi, cewa ita dai ba ta ce komai ba, amma a je a dubi abin da ke kwana a kan itacen da ake ɗebo wa mutane kalwa. Mata suka riƙa ɗaukar daddawar Zinariya suna shinshinawa suna ajiyewa, alhali daddawa tun da aka halicce ta ba a taɓa sayenta don ƙanshi ba.

Daga kasuwa ba ta biya gida ba. Ta same shi a gindin itace ta ce ɗorawa ta kusa nuna, ta ba shi kwana bakwai ya sauke tarkacensa. Ya ce ta yi haƙuri zuwa Juma'a. Ran Juma'a da la'asar zai yi magana da Baturensa a gaban mai gari, daga nan gwamnati da kanta za ta zo neman itatuwan, kuɗin man fetur kuwa ya yi wa gwamnatin yawa ba ta san inda za ta kai shi ba.

"Gwamnati na cin fata ita ma?" ta ce.

Malam Uthman ya tambaye shi ko Baturen da rana yake maganarsa. Ya ce a'a, sai dare ya yi, wai zangon ya fi tafiya. To shi me ya sa zai yi da la'asar? Ya ce da dare wa zai gan shi.

Ran Juma'a tun da hantsi ya hau ya naɗa sabuwar fata, ya sauko ya daidaita tire kafin baƙinsa na sama su iso, allura ta miƙe. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarmi. Mai gari ya zauna a kujera, Malam a gefensa, jama'a har daga Bauranya. Ɗanmaliki ya fito cikin kwat da laktaye a wuya a wannan zafin, ya zauna a tebur ƙarƙashin ɗorawar gabas. A sama kuwa angulaye sun haura arba'in, wayar ta lanƙwashe da su.

Ya tada inji. Allura ba ta motsa ba. Ya danna makirfo ya yi kira, ya saurara, ba a ji komai ba sai kukan inji. Ya ce wa mai gari Baturen ya ɗan zaga ne. Ya ƙara wa inji wuta, ya murɗa duk abin da ke murɗuwa a jikin akwatin har ƙarshe. Wani ƙauri ya fara saukowa, irin na bakin tukubar mai tsire. Mutane suka ɗaga kai. Fatar mahaɗa ce ke hayaƙi, kuma inda wayar ke jikin reshe hayaƙin ya fi kauri, daidai inda 'ya'yan ɗorawa suka fi yawa.

Zinariya ta tashi daga cikin mata. Ba ta yi gudu ba. Ta ratsa tabarmin maza, ta wuce gaban mai gari ta ce ransa ya daɗe, ta tsaya a kan Ɗanmaliki. Shi kuma tsoro ya sa ya ƙanƙame makirfo da hannu biyu ya kare fuskarsa da shi. A daidai nan zafi ya kai ƙafafun angulaye, suka tashi gaba ɗaya, wayar ta miƙe, allura ta tafi har bango. Ba wanda ya lura.

"Kai Ɗanmaliki, dube ni nan. Ni Zinariya mai daddawa, shekara talatin ina dafa kalwa, sau bakwai nake wanke ta, ba ɗan da ya taɓa tauna tsakuwa a miyar da aka sa daddawata daga nan har Kankiya. Kai ka zo ka buɗe mini mahauta a bisa itace. Kashe abin ga, ko in kashe shi da taɓarya."

Bai samu ya kashe ba. Wata shuɗiyar wuta ta yi tsalle tsakanin tire biyun, gilashi ya tarwatse. Fatar da ta ƙone ta saki a wuri uku, nauyin wayar duka ya koma kan babban reshen gabas, reshen ya yi ƙara ya taho ƙasa da wuta a jikinsa, ya kunna ɗorawar da ke kusa da shi. Mai gari, wanda aka sani da ciwon gwiwa, shi ya fara isa bakin masallaci.

Lokacin dawowar shanu ne. Wayar ta faɗo a kan burtali daidai ƙahon farin bijimin, wannan karon kuma bai tsaya ba. Ya ɗauke ta ya yi gabas, garke ya bi shi, wayar ta ja akwatin daga kan tebur, akwatin ya ja makirfo, makirfo ya ja Ɗanmaliki taku goma kafin ya tuna ana iya saki. Jama'a suka kashe wutar da ƙasa da ɗanyen ganye. Itace biyu sun tsira da 'ya'yansu, biyu sun babbake. Da magariba Sodangi ya kawo akwatin a cikin kwando, ya ce ya tsince abin da ya gani, sauran yana hanyar Bauranya.

Washegari da hantsi wasu mata uku suka yi sallama a gidan Zinariya, daga Fakuwa. Suka ce jiya suna neman tasha sai suka ji wata mata a rediyo, tas kamar tana cikin ɗakin, tana cewa sau bakwai take wanke kalwa. Sun zo su ga mai maganar, kuma a ba su ta miya. Kafin azahar na Rimaye sun zo, har da maƙwabciyar waccan mai tausayin. Kowa tambaya yake ina gidan Zinariya Mai Rediyo. Ta ce ba ta san wannan ba, amma in daddawa suke so, ta ƙara kuɗi tun jiya.

Da labari ya kai wa Ɗanmaliki, ya fito da tsumma a gwiwar hannu yana karɓar barka. Ya ce ai ga shi, yau Fakuwa gobe Ingila. Da aka zauna a zauren mai gari don a sasanta, shi ya fara kai ƙara: ya ce da eriyarsa aka yi tallar daddawa, a ba shi kasonsa.

Zinariya ta ce muryar tata ce, kuma zagi ta yi ba talla ba, in yana son kasonsa na zagin akwai saura. Sannan ta faɗi nata: wayar duka, da injin, da tsanin, da sababbin tire biyu. Ɗanmaliki ya ce ko Baturen bai taɓa yi masa wannan wulaƙanci ba. Malam Uthman ya ce a dubi maraicin mutumin, ba babur ba akwati. Ta ce ta duba, reshenta ma maraya ne. Aka yi azahar aka dawo. Mai gari ya ce ta bar masa injin. Ta ce a'a. Aka yi la'asar aka dawo, ba ta matsa ko taƙi ba.

Can Ɗanmaliki ya gyara zama ya ce ya samo mafita. A bar masa kayansa, shi kuma zai biya da ƙarfinsa. Shekara uku shi zai riƙa hawa yana ɗebe mata ɗorawa kyauta, kuma ya riga ya tsara wata dabara ta girgiza itace da inji, yadda 'ya'yan za su zubo cikin minti biyar ba sai an sa ƙugiya ba. Har ya fara zana abin a ƙasa da yatsa. Mai gari ya ce wannan tayi ne mai kyau. Malam ya ce aikin shekara uku ya fi inji daraja.

Zinariya ta daɗe tana kallon zanen. Waɗanda suka san ta sun ce ba su taɓa ganin ta sauko a ciniki ba sai ran nan.

"Ranka ya daɗe, na rage," ta ce. "Ya riƙe injinsa, ya riƙe rabin wayarsa. A ba ni rabi, da tsanin, da tire biyu. Sauran kuwa ya biya ni da nisa: daga yau ko inuwar ɗorawata kada ya zauna. A haka na sallama."